Fashewar Faya Kafin Lokaci: Matsalar Tana Farawa Tun Kafin Ruwa Ya Zubo

Duk lokacin da faya ta fashe wa mai ciki alhali watanninta ba su cika ba, tambayar da ake fara yi a gida ita ce: me ta yi yau? Ko ta ɗaga jarkar ruwa? Ko ta yi daka, ko wanki mai yawa a sunkuye? Ko an goyo ta a babur a kan hanya mai gargada? Ko maigidanta ya kusance ta daren jiya? Idan aka laluba ba a sami ko ɗaya ba, sai a ce zaƙi ne ya yi mata yawa, wasu ma su kai maganar ga iska ko bakin mutane. Yawancin waɗannan amsoshi a cikin ranar da abin ya faru suke neman dalili, kuma a kan matar suke sauke laifin. Hujjar da nake son kafawa ita ce, abubuwan da likitoci suka tabbatar suna ƙara haɗarin wannan matsala sun daɗe suna aiki a ɓoye, wasu makonni, wasu tun kafin a ɗauki cikin. Saboda haka wurin nemansu shi ne ɗakin awo a farkon ciki, kuma nauyin neman yana wuyan miji da ma'aikatan lafiya da hukuma kafin ya iso kan matar.

Faya jaka ce mai rufi biyu, siririya amma mai ƙwari, wadda jariri yake kwance a cikinta cikin ruwa. Ruwan yana kare shi daga bugu, yana ba shi sararin motsi, yana hana cibiya matsewa, kuma huhunsa ba ya ginuwa yadda ya kamata sai da shi. Jakar ce kuma take raba shi da ƙwayoyin cutar da ke zaune a gaban mace. A ƙa'ida sai naƙuda ta kankama take fashewa. A wajen kashi 8 cikin 100 na cikin da ya cika watanni ruwan yakan riga naƙuda zuwa, amma mafi yawan matan naƙuda kan biyo baya cikin kwana guda. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne wanda ke faruwa kafin ciki ya kai mako 37. Wannan yana samun kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na masu ciki, amma shi ke haddasa kusan ɗaya cikin uku na haihuwar bakwaini, kuma kusan rabin matan da ya sama sukan haihu kafin mako ya zagayo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, kuma a 2019 yara wajen 900,000 suka rasu saboda matsalolin haihuwa kafin lokaci. Nijeriya ce ta uku a yawan irin wannan haihuwa, bayan Indiya da Pakistan.

Ƙwarin faya yana fitowa ne daga wasu zaruruwa da ake kira kolajin, waɗanda suke saƙe da juna. Idan haihuwa ta matso, jiki da kansa yake sakin sinadaran da ke sassauta wannan saƙa, musamman ta wajen bakin mahaifa, domin jakar ta buɗe a kan kari. Abin da ke faruwa a fashewa kafin lokaci shi ne wani abu ya tayar da wannan aiki tun ba a shirya ba: kumburin da ƙwayar cuta ta jawo, ko jinin da ya taru a bayan jakar, ko miƙewar da ta wuce kima. Misalinsa igiyar guga ce da ta yi watanni tana cinyewa a bakin rijiya, zare bayan zare. Ranar da ta tsinke kowa zai ce gugan ƙarshe ne ya yi nauyi, alhali guga irinsa ta saba ɗagawa kullum. Shi ya sa binciken likitoci bai nuna cewa aikin gida na yau da kullum, ko saduwar aure a cikin da ke lafiya, suna fasa faya mai ƙwari ba. Wannan ba lasisin barin mai ciki da surfe da ɗiban ruwa ba ne, tausayinta wajibi ne ko da babu wani haɗari. Amma wanda ya tsaya a kan jarka ya rasa ainihin wurin da ɓarnar take.

Rukuni na farko, kuma babban abin da aka fi dangantawa da wannan ɓarna, shi ne cutar da ke hawa daga gaban mace zuwa mahaifa, abin da mata suke haɗawa gaba ɗaya su kira sanyi. A ƙarƙashin wannan suna akwai cututtuka daban-daban: rikicewar ƙwayoyin halittar gaba mai sa farin ruwa mai ƙarni, da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa irin su gonoriya da kilamidiya da tirikomonas, sai kuma cutar mafitsara. Mafi haɗarinsu waɗanda ba sa nuna alama ne. Mace tana iya ɗauke da ƙwayar cuta a fitsarinta ba ta jin zafi, ba ta zazzaɓi, har sai ta hau ƙoda ko ta tayar da naƙuda. Wannan ne ya sa ƙa'idojin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 suka ce a gwada fitsarin mai ciki ko da ba ta kawo kuka ba, idan an ga ƙwayar a ba ta maganin kwana 7. A nan ne batun miji yake shigowa da ƙarfi. Cutar da ake ɗauka ta saduwa ba ta warkewa idan mutum ɗaya aka yi wa magani. Matar da ta shanye maganinta ta koma ɗakin mijin da bai sha ba, ta koma gidan jiya, kuma a gidan da ke da mata biyu ko uku cutar za ta yi ta kewayawa. Namijin da ya ce shi lafiyarsa ƙalau don ba ya ganin komai, bai san cewa maza da yawa suna ɗauke da waɗannan cututtuka babu wata alama ba.

Rukuni na biyu yana cikin tarihin matar da yanayin cikin da take ɗauke da shi. Wadda faya ta taɓa fashe mata kafin lokaci ita ce a sahun gaba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka ya nuna kashi 13.5 cikin 100 na irin waɗannan mata abin ya sake samunsu, alhali a sauran matan da suka taɓa haihuwa kashi 4.1 ne, wato ninki uku da ɗoriya. Haka wadda bakin mahaifarta ya gajarce ƙasa da milimita 25 a tsakiyar ciki, abin da sikanin yake iya aunawa. Haka wadda aka taɓa yanke wani sashe na bakin mahaifarta don magani, kuma akwai shaidar cewa wankin ciki da aka buɗe bakin mahaifa da ƙarfe, musamman idan an maimaita, yana ƙara haɗarin haihuwa kafin lokaci. Zubar jini a wata na huɗu zuwa sama alama ce babba, ko da ɗigo ne ya tsaya da kansa, domin jinin da ya kwanta a bayan faya yana cin ƙwarinta. Sai cikin tagwaye, da cikin da ruwa ya yi masa yawa fiye da kima, wanda a wasu lokuta ciwon suga ne ke jawo shi, duka biyun suna miƙe jakar har ta gaza. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifin matar, kuma kusan dukkansu tambaya mai kyau ko sikanin guda ya isa ya fito da su.

Rukuni na uku shi ne halin rayuwa. Mace ramammiya wadda ta shiga ciki jikinta ba ƙwari ta fi shiga haɗari, kuma bincike a ƙasashe daban-daban yana maimaita cewa matan talakawa sun fi fuskantar wannan matsala. Taba sigari tana cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa, don tana rage iskar da ke isa mahaifa tana kuma raunana saƙar faya. Matanmu ba su cika shan sigari ba, amma shisha ta shigo birane, kuma mace da yawa tana kwana a ɗaki ɗaya da mai busa hayaƙi, shi ya sa ƙa'idojin 2016 suka ce a tambayi mai ciki har game da hayaƙin da take shaƙa daga wani. Sai kwanika, ciki a kan goyo, inda jiki bai gama mayar da abin da ya rasa ba aka sake ɗora masa wani nauyin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wanda ya yi daidai da shekara biyu na shayarwa da Musulmi suka sani a addininsu. Abincin da ke shiga tukunya, da hayaƙin da ke cikin ɗaki, da tazarar haihuwa, a yawancin gidajenmu maganar maigida ce take yanke su.

Idan aka jera waɗannan abubuwa, za a ga ba su buƙatar wata babbar na'ura kafin a gano su. Suna buƙatar lokaci ne kawai, kuma lokacin ne muke ɓatawa. Ƙa'idojin 2016 sun ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko a cikin mako 12 na farko, a kuma yi mata sikanin kafin mako 24. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na mata ne suka je awo sau huɗu ko fiye, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka fara a watanni uku na farko, kashi 39 ne suka haihu a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa wajen kashi 16 ne. Dalilan sanannu ne: kunyar cikin fari, da ɓoye ciki har sai ya fito don tsoron baki, da jiran izini da kuɗin mota. Wadda ta je ɗin ma, sau da yawa abin da take tararwa shi ne benci cike da mata tun safe, ma'aikaciya ɗaya ko biyu, a hau sikeli, a ɗaura abin awon jini, a auna tsawon ciki da tef, a miƙa ƙwayoyin ƙarin jini a leda, a rubuta ranar dawowa a kati. A katin akwai gurbin yawan haihuwa, amma ba kasafai ake tsayawa a tambaye ta ba: na baya a wata nawa kika haife shi, kuma ruwa ne ya fara zuwa ko ciwo? Wannan tambaya ba ta cin minti ɗaya, kuma ita ce take fito da haɗari mafi girma.

Akwai suka mai nauyi daga cikin likitocin kansu, kuma bai kamata a kauce mata ba. Za su ce mata da yawa da faya ta fashe musu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, kuma da yawa masu su sun haihu lafiya a kan lokaci. Za su ƙara da cewa ƙoƙarin rigakafi bai ba da sakamakon da aka zata ba. A 2000 an gwada ba wa masu rikicewar ƙwayoyin gaba marasa alama maganin metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, a Amurka, bai rage haihuwar bakwaini ba, kuma wani gwajin da aka wallafa daga Faransa a 2018 da wani maganin daban shi ma bai rage ba. Bitamin C da E da aka sa wa rai su ƙarfafa faya su ma ba su yi ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a riƙa ba da su don wannan. Duk wannan gaskiya ne, kuma darasin da ke cikinsa shi ne kada kowa ya yi wa mata alkawarin ƙwaya ɗaya mai hana faya fashewa, kada kuma mai ciki ta shiga kyamis ta haɗo maganin sanyi da kanta. Amma sukar ba ta rushe hujjar ba. Maganin cutar mafitsara yana kare ƙodar uwa. Maganin cututtukan saduwa yana kare uwa da jariri da miji. Mai gajeren bakin mahaifa akwai maganin furojestaron, wasu kuma ɗaurin mahaifa. Abin da ya fi duka, sanin haɗari yana canza inda mace za ta kasance, da abin da aka sani game da cikinta, a daren da ruwan zai zubo.

Wannan bambanci na wuri shi ne yake raba jaririn da zai rayu da wanda ba zai rayu ba, kuma akwai alƙaluma a kai. Gwajin ORACLE da aka wallafa a mujallar Lancet a 2001, wanda ya haɗa mata 4,826 da faya ta fashe musu kafin lokaci, ya nuna maganin eritromaisin na kwana 10 yana jinkirta haihuwa yana kuma taimakon jariri, alhali haɗin maganin da ake sayarwa da sunan Augmentin ya ƙara wa jarirai wata muguwar cutar hanji. Ka ga maganin da ɗan kyamis zai miƙo a matsayin mai ƙarfi shi ne wanda bai dace ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa gwajin da ta yi a asibitoci 29 a Bangladash, Indiya, Kenya, Nijeriya da Pakistan, inda allurar deksametason mai nunar da huhun jariri, ga matan da haihuwa ta taso musu tsakanin mako 26 da 34, ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. Sai dai wani gwajin da ya gabace shi, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna idan aka riƙa yin allurar barkatai ba tare da sanin ainihin makonnin ciki ba, cutarwarta tana iya fin amfaninta. Sanin makonni kuwa sikanin farkon ciki ne yake ba da shi daidai. Matar da ta fara awo a wata na bakwai ta riga ta rasa wannan ma'auni, kuma likitan da zai karɓe ta cikin dare lalube zai yi.

Suka ta biyu daga gida take fitowa: iyayenmu da kakanninmu ruwa ya sha zubo musu, suka zauna a ɗaki suka haihu lafiya. Haka ne, domin mafi yawan lokuta cikin ya cika ne kuma naƙuda ta biyo baya da sauri. Amma ko a cikin da ya cika, jira yana da farashi. Wani gwaji da aka jagoranta daga Kanada, aka wallafa a 1996 a kan mata 5,041, ya nuna sa ruwan naƙuda da wuri ya rage kamuwar mahaifa da cuta daga kashi 8.6 zuwa kashi 4 cikin 100. Kuma masu ba da labarin waɗanda suka haihu lafiya ba sa lissafa jariran da aka ce sun zo ba rai, da masu jegon da zazzaɓi ya ɗauke kafin suna. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan da ke zuwa kaɗan-kaɗan. Faya ba kullum take fashewa da yawa ta jiƙa shimfiɗa ba. Wani lokaci ɗigo ne da ke jiƙa zane, mace ta canza, ya sake jiƙewa, ta ɗauka fitsari ne, tsofaffi su ce zaƙi ne yake fita, har a yi murna a ƙara mata jiƙo. A haka za a kwana biyu ko uku ƙwayoyin cuta suna hawa. Idan kuma aka kira wadda za ta sa hannu ta duba ko haihuwa ta zo, kowane sa hannu yana tura cuta ciki yana kuma gaggauta haihuwar, shi ya sa a asibiti ma da ƙarfen dubawa mai tsabta ake dubawa.

Suka ta uku ita ce ta ƙaddara da ta talauci. Babu Musulmi ko Kirista da zai musa cewa rai da ajali a hannun Allah suke, amma manomin da ya yarda da haka bai fasa zuba taki ba, kuma neman magani umarni ne a addini. Maganar talauci ta fi ƙarfi, domin gaskiya ne akwai ƙananan asibitocin da babu kwalbar gwajin fitsari, babu sikanin, babu motar ɗaukar mara lafiya. Wannan hujja ce a kan hukuma. Takardar gwajin fitsari, da eritromaisin, da deksametason, duka magunguna ne da kayan aiki masu araha idan aka kwatanta da kuɗin kwantar da bakwaini a kwalba na makonni. Jihar da ta ce awo kyauta ne, ya kamata a tambaye ta ko gwajin fitsari da sikanin farko suna cikin kyautar, da kuma ko ma'aikaciyar ƙauye ta san asibitin da za ta tura mai tagwaye ko mai tarihin bakwaini tun cikin yana wata biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kirana ga magidanta shi ne su ɗauki awon farko da muhimmancin da suke ba ragon suna. Da zarar wata ya wuce, a je, a faɗa wa ma'aikaciya tarihin haihuwar baya dalla-dalla, a nemi gwajin fitsari da sikanin, idan an rubuta maganin sanyi miji ya sha nasa. Wadda aka ce tana cikin haɗari, a yanke tun da wuri asibitin da za ta haihu, a ajiye kuɗin mota da lambar direba, a kuma bar izinin fita ko maigida ba ya gari. Idan ruwa ya zubo, mai yawa ne ko ɗigo, a lura da lokacin, a sa tsumma fari mai tsabta don a ga launinsa, kada a sa hannu ko wani abu a gaba, kada a sadu, kada a sha jiƙo, a tafi asibiti a lokacin ko da babu ciwo. Idan ruwan kore ne, ko yana wari, ko da jini, ko da zazzaɓi, ko motsin jariri ya ragu, ko cibiya ta leƙo, to ko minti ɗaya kada a jira gari ya waye. Uwar miji da ungozomar unguwa su ne aka fi jin maganarsu a wannan sa'a, don haka su ya kamata su fara cewa a ɗauko mota.